Sunan Wana Yana Kallon Bango

Wana ne ya ba da filin da aka gina ɗakin haihuwa na unguwarmu, bayan matarsa ta rasu a hanyar asibiti. Ranar buɗewa aka kafa allon farin dutse a bakin ƙofa, da sunansa a sassaƙe. Bai daɗe ba shi ma ya bi ta.

Bana aka yi sabon shugaban kwamitin unguwa. Ya sa aka shafa wa ginin fenti, aka canza ƙofa ɗaya. Da 'yar wana ta je awo, ta faɗo gidana ko zama ba ta yi ba.

"Baffa, sun cire Baba daga bango. Sunan shugaba ne a wurin."

Na zura takalmi sai shagon mai sassaƙa, tana biye da ni da tsohon ciki. Muka same shi ya yi fari fat da garin dutse.

Na ce, "Ina allon wana?"

Ko injin bai kashe ba. "Yana inda yake, Baba. Dutse ya yi tsada. In an yi sabon shugaba, juya tsohon allo muke yi mu rubuta a bayansa. Shi ya sa ba ma sa siminti, ƙusa ce mai murɗawa."

"Wato kun kifa fuskar wana a bango kamar ɓarawo."

"Ni aiki aka ba ni."

Na ɗauke sukundireba daga kan teburinsa, ban roƙa ba.

Muka wuce ɗakin haihuwa. Ina kan kwance ƙusa ta biyu ta allon sai ga shugaba, wani ya kai masa gulma. Ya zo yana haki, hula a karkace.

"Dattijo, kayan jama'a kake taɓawa."

"Ƙasar da ka taka, wa ya ba jama'a? Kai bokitin fenti ka kawo."

"An yi gyara, dole a rubuta."

"Rubuta a ƙofar da ka canza."

Sukundireba tana ta zame mini. 'Yar wana ta karɓe ta ƙarasa. Matan da ke layin awo suka taso, suka kama mana allon muka juya shi. Ga sunan nan, yanar gizo-gizo ta rufe shi. 'Yar wana ta goge da bakin mayafinta.

Shugaba ya ce, "Ku gama wasanku. Gobe zan sa a mayar."

Na san zai aikata, don na san irinsu. Na tsallaka titi wurin masu buga bulo, na dawo da kwaɓaɓɓen siminti cike da kwano. A gabansa na lafta shi a kan sunansa, har da na mataimakinsa, muka danna allon a bango. Na ja benci na zauna a wurin har ya bushe.