Wayar da Aka Ja a Kwarin Faro

Garken Sali na gangarowa zuwa kogin Faro, jajayen shanu masu tozo suna ture juna, Hamajoda ya yar da fartanya ya dafa ƙugu. Duk saniyar da ta wuce, ji yake kamar ƙirjinsa ta taka.

Ubansu ne ya fara sare dajin kwarin nan, tun babu kowa sai ɓauna da ƙudan tsando. Da ya rasu, Hamajoda, da yake shi ne babba, ya zaɓi gona, ya bar wa ƙanensa Sali 'yan ramammun shanu. Yau auduga ba ta ciyar da gida, shanun kuwa sun cika kwari. Ko a kasuwa an daina kiran sunansa, sai dai a ce "wan Sali".

"Hamma, sannu da aiki," in ji Sali. "Bayan girbi zan kwantar maka da su, gona ta sha taki."

"Gonata ba makewayin shanunka ba ce."

*

Da wani attajirin birnin Garwa ya zo neman filin kiwo, duk mutanen kwari suka ƙi. Hamajoda ne ya kai shi gaban jauro, wato mai gari, ya rantse cewa burtalin da ya bi gefen gonarsa gadonsa ne, ba na jama'a ba. Aka ba attajirin, aka kafa turaku, aka ja waya mai ƙaya har bakin ruwa.

Rani ya yi tsanani. Shanun Sali suka koma yin doguwar zagaye kafin su sha, maruƙa na faɗuwa a hanya. Hamajoda na gani, yana jin wani sanyi a ransa wanda ko matarsa Dudu bai iya gaya wa ba.

Sali bai kai ƙara ba. Ya ɗaure kaya zai yi kudu, ya tsaya a ƙofar wansa.

"Hamma, da ka buɗe baki, wallahi da na raba mana shanun nan biyu."

Hamajoda bai ɗago ba.

*

Ba a jima ba wayar ta matso ta haɗiye rabin gonarsa. Jauro ya ce ai shi ya buɗe ƙofa. Ƙarshe dai ya koma yankar wa shanun attajirin ciyawa.

Wata safiya, da dami a kansa, ya hango Dudu a bayan waya, tana miƙa ƙwarya a sam mata madara. Maigadin attajirin ya ce mata madarar nan ta Garwa ce, mota na jira. Hamajoda ya sauko da ciyawar ta rufe masa fuska, ya wuce.