Cindon Gwaggo a Babi na Biyar

Ranar Asabar da hantsi Abdulwahidu ya dire wa matarsa Bashira babi na biyar a kan teburin cin abinci, ya ce ta duba masa Hausar da ke ciki. Ranar Litinin zai miƙa kundin digirinsa na uku, bayan shekara huɗu suna maƙale a hawa na sha ɗaya a unguwar Sentul ta Kuala Lumpur, a gidan da in ka yi atishawa a kicin na cikin ɗaki ne zai amsa maka. Shi ɗan cikin birnin Kano ne, Hausar mutanen iyaka tana ba shi wuya. Ita kuwa can aka binne cibiyarta, a Tudun Sansami, ƙauyen da rabin gonakinsa ke Najeriya rabi a Nijar. A can ya yi bincikensa, don garin surukai ba a hana shi shiga gida. Ya zura takalmi ya ce zai leƙa wurin masu buga takardu.

Bashira ta gyara kalma biyu uku tana dariya. A shafi na tara dariyar ta ɗauke.

An rubuta labarin wata "Hajiya A.", wai an sakaya sunanta. Ungozoma ce mai kusan shekara saba'in, mai cindo a hannun hagu, ƙofar gidanta tana kallon ginshiƙin iyaka. Ungozoma nawa ce a Tudun Sansami? Ɗaya. Mai cindo kuwa ko akuyar garin ta san Gwaggo Ɗelu ce, ƙanwar mahaifin Bashira, wadda ta goye ta tun ranar da mahaifiyarta ta rasu. Kuma abin da aka rubuta ba na wasa ba ne: yadda 'yan bindiga suka zo sau biyu suka ɗaure mata ido, suka ɗauke ta a babur zuwa daji ta karɓi haihuwar matansu, da yadda ta gane wurin saboda wata korama da tsamiya biyu. In 'yan sa-kai suka ji, za su ce da ita ake haɗa baki. In mutanen dajin suka ji, za su ce ta tona su. Duk wanda ya riga zuwa, Gwaggo ba za ta kai labari ba.

Abin da ya fi ƙona wa Bashira rai shi ne ta tuna ranar da aka ɗauki hirar sarai. Gwaggo ba ta zama inuwa ɗaya da suruki, ba ta ɗaga ido ta dube shi, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba a shekara goma sha ɗaya. Saboda haka shi ya zauna a tabarma a tsakar gida, ya ba Bashira rikoda da takardar amincewa mai shafi uku cikin Turanci. Ita ta shiga da su ɗaki. Ita ta ce, "Gwaggo, takardar makarantarsa ce, dangwala nan." Ita ta kama babban yatsan tsohuwar ta danna a tawada. Suka yi ta ɓarar gyaɗa suna hirar haihuwa da goyo har aka manta da rikodar, sannan Gwaggo ta rage murya ta ce, "Wannan daga bakina sai kunnenki." Bashira ta bi shafin layi layi tana neman wannan jimlar. An cire ta, an bar duk abin da ya biyo baya.

Da ya dawo bayan azahar riƙe da leda, ko sannu ba ta yi masa ba.

"Maman Khaulah, na yi mana tapau, na ƙunso mana abinci daga shagon mamak. Ki zo mu makan tun da zafinsa."

"Wace ce Hajiya A.?"

Ya ajiye ledar a hankali. "Participant ce. Na yi anonymise ɗinta."

"Ka rufe mata fuska ka bar cindonta a waje. Abban Khaulah, ina jimlar da ta ce daga bakinta sai kunnena? Ka ji ta ko ba ka ji ba?"

Ya ji ta mana. Amma mutumin da ya shekara huɗu yana koyon kare magana ba ya rasa ta cewa. Ya ce kwamitin ɗa'a na jami'a ya duba komai ya sa hannu. Ya ce mai gari da bakinsa ya ba shi izinin matan garin gaba ɗaya. Har ya buɗe jaka ya zaro takardar, ga dangwalen Gwaggo shuɗi raɗau a ƙasa.

"Ga consent form ɗinta. Kuma ke kika karɓo shi, kar ki manta."

Wannan maganar ta soke ta, don gaskiya ce, gaskiya kuwa ɗaci gare ta. Ta ji idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye shi don kada ya ɗauka ta sauko.

"Ni na karɓo, kuma Allah Ya yafe mini. Amma ka san ba ta san abin da ke ciki ba. Ko da ta sani, yaushe Gwaggo za ta iya ce wa surukinta a'a? In ka ce ta cire zanen jikinta ta ba ka, ɗaki za ta shiga ta miƙo maka ta bayan labule. Ka san haka, shi ya sa ka tafi garinmu ba ka tafi na wasu ba."

"Haba lah. Wa zai karanta thesis ɗin Malesiya a Tudun Sansami?"

"Ba kai ka yi wa mai gari alkawarin kwafi mai bangon zinariya ba? Ba ɗansa Haidar ne ke tambayarka duk sati ba? Shi zai zauna a ƙofar fada ya fassara musu, yana alfahari sunan garinsu ya shiga littafi."

Nan ya fusata shi ma. Ya ce malaminsa ya gaya masa babin nan ne ƙashin bayan kundin, in an zare shi sauran ba zai tsaya ba. Ya ce bizarsu ta kusa ƙarewa, ko so take su koma gida hannu rabbana bayan shekara huɗu, a riƙa nuna shi da baki? Ya ce duniya na buƙatar ta san wahalar matan iyaka. Bashira ta dube shi tana mamakin yadda tausayin matan iyaka ya cika masa ciki har bai bar wa guda ɗayar da ta dafa masa tuwo wata uku wuri ba.

"To boleh, na yarda," ya ce a ƙarshe. "Kira ta. Ki karanta mata duka da Hausa. In ta ce a cire, wallahi na cire."

Ya faɗa da ƙarfin gwiwar wanda ya riga ya san amsa. Ita ma ta sani, amma ba ta da wata dabara. La'asar ta yi a Kuala Lumpur, can gida hantsi ne. Sai a kira na huɗu wayar ta shiga. Aka gaisa, aka tambayi Khaulah da ruwan sama da ciwon gwiwa. Bashira ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur, ta ce maigidan yana kusa, sannan ta karanta. Ba ta tsallake komai ba, har cindon, har tsamiya biyun.

Ana jin kukan awaki daga can da ƙarar jirgin ƙasa daga nan.

"Gwaggo, ba dole ba ne. In kin ce a cire, za a cire. Don Allah ki ce a cire."

"Ɗiyata, ni wace ce da zan tare wa mutum karatunsa? Tun da ya riga ya rubuta, a bari. Allah Ya sa albarka."

Abdulwahidu ya buɗe tafin hannuwansa yana duban matarsa, alamar kin dai ji da kunnenki. Bashira ta ji kamar ta watsa masa miyar da ke cikin ledar.

"Sai dai ki roƙar mini shi abu guda," Gwaggo ta ci gaba, muryarta ƙasa ƙasa. "Ya faɗa mini ranar da littafin zai iso. Ina so in saida awakina tukuna, in ga Aminat maƙwabciyata ta sauka lafiya don cikinta ya tsufa, sannan in haye ƙetare wurin dangin uwata. Ba na so su same ni a ɗakina. Kwana nawa gare ni?"

Hannuwansa suka sauka a kan tebur. Bashira ta tura wayar har ta taɓa takardar dangwalen da ke gabansa.

"Gwaggo, ga shi nan yana jin ki," ta ce. Sannan ta dube shi. "Kai ka san ranar. Faɗa mata."