Wuƙar da Kaka Ya Dawo da Ita daga Bama

Babana, Malam Ma'aruf, da akwati ɗaya ya shigo Amurka, kuma rabin rigimar da muka sha kafin tafiyar a kan wuƙa ce. Wata lanƙwasasshiya ce mai nauyi, gadon mahaifinsa da ya yi yaƙin Bama a sojan Ingila. Kaka ya ce wani sojan Gurka, mutumin Nepal, ne ya ba shi ita a daji. Na ce a bar ta a Zariya, Baba ya ce to shi ma a bar shi can.

Zaman Greensboro bai karɓe shi ba. Ina asibiti wurin aiki, mijina yana kan hanya da babbar mota, gida shiru. Mutumin da ya saba gaisawa da rabin unguwa kafin ya kai masallaci ya koma kallon motocin Gate City Boulevard ta taga, abin yana cin raina. Sai Allah ya haɗa shi da tsohon da ke hawa na ƙasa, Thapa, ɗan Nepal, wanda Baba ya raɗa wa Malam Tafa. Turancin kowannensu a karye yake, amma kullum da hantsi suna kan benci da shayi mai madara. Shi kaɗai ne abokin Baba a ƙasar nan.

A kan bencin nan Tafa ya ba shi tarihi. Sama da shekara ɗari biyu da suka wuce Turawa suka hau duwatsun Nepal da yaƙi, suka sha wuya a hannun Gurka, sai suka ga irin waɗannan gara su zama nasu. Tun ƙura ba ta lafa ba suka fara ɗaukar su soja.

"Aishatu, ashe irinmu ne," in ji Baba da ya hawo. "Bature ya gwabza da kai, ya ba ka kaki, ya tura ka ka kayar masa da wani."

Wuƙar kuwa bai nuna masa ba, yana jiran babbar rana. Ranar ta zo da watanda: mutanenmu suka haɗu suka yanka sa a wata gona wajen Pleasant Garden, aka kawo mana kasonmu. Baba ya shimfiɗa leda a kicin, ya hau datsa ƙashi, ya ce in kira masa Malam Tafa ya ga abin mamaki.

Tafa ya shigo da murmushi, ya ga wuƙar, ya ga naman, murmushin ya ɗauke. Bai taɓa ta ba. Da yatsa ya nuna wata 'yar tsaga kusa da ƙota, wadda Baba ya daɗe yana ɗauka kuskuren maƙeri ne.

"A gidanmu an koya mana wannan kofaton saniya ne," ya ce a hankali. "Saniya uwa ce a wurinmu. Ba a ɗora wuƙar nan a kanta." Ya haɗa tafukansa biyu, ya sauka.

Kwanaki bencin ba kowa. Baba ya rage cin abinci, ni kuma raina ya ɓaci.

"Baba, wuƙarka ce, namanka ne, halal ne. It's not your fault. In ya yi fushi, shi ya sani."

"Ba fushinsa ne ya hana ni ci ba," ya ce. "Kakanki nake tunani."

Ashe Kaka bai taɓa yarda wuƙar ta taɓa naman shanu ba. Ragon Sallah, eh. Faskare ma, eh. Amma in naman sa ya shigo gida, sai ya aika maƙwabta aron wuƙa, tasa tana rataye. Gidan duk ana masa dariya a ɓoye, ana cewa Bama ta taɓa masa kai.

"Bai taɓa faɗa muku ba?"

"Ya ce kada a yi. Dalili ne bai faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Ashe amanar wani yake riƙe."

Baba ya wanke wuƙar, ya shafa mata mai, ya naɗe a farin ƙyalle, ya ce in biyo shi in yi tafinta. A ƙofar Tafa ya miƙa da hannu biyu, ya ce ta koma wurin masu ita, sannan ya ba shi labarin aron wuƙar.

Tafa ya daɗe yana riƙe da ita. "Har yaushe ya yi haka?"

"Har ya rasu."

"Kakana ya yi wa Ingila yaƙi, ya dawo, ba wanda ya sake tuna sunansa," in ji Tafa. "Mahaifinka ya tuna da ɗayanmu har kabari. A gidanku za ta zauna." Ya mayar masa, ya ɗaga murya ya ce wa matarsa ta ɗora shayi.

Da aka sake kawo naman watanda, wuƙaƙe na nan cike da kicin ɗina, amma babu mai iya ƙashi. Baba ya dubi ta Kaka a rataye, ya aike ni maƙwabta aro. Na tafi, kuma ban yi dariya ba.