Mudun Wanke Inji

Ni Turai, duk Maruta an san garin masarata. Amma da ƙungiyarmu ta mata ta tashi tura mutum ɗaya Dutse koyon gwajin gari, wa aka zaɓa? Munawwara! 'Yar ƙanwata, wadda ni na koya mata riƙe rariya. Wai don ta yi boko. Na yi mata barka a gaban mutane, na dawo gida tuwo ya ƙi wuce mini.

Wani kamfani ne a Kano ke son garin masara, amma na tsohon iri zalla, ban da sabon nan da masana suka sauya wa halitta don tsutsa ta ƙyale shi. Duk wadda garinta ya tsallake gwaji, a wurinta za a riƙa saye. Ni ko a jikina, don masarata tsohon iri ce, gadon kakata.

Sai na ji Munawwara ma za ta kawo nata, har ana yabon laushinsa. Laushi? Ina raye? Na ɗauki buhuna na shiga mota har Birnin Kudu, inda akwai babban inji mai niƙa kamar hoda.

Mai injin, Malam Sabo, ya ce, "Hajiya, yanzu na gama niƙa wa wani. Bari mudun farko ya wanke inji, ki ware shi daban."

Na san da wannan, Munawwara ta faɗa a taro cewa ragowar sabon iri kan maƙale a inji. Wallahi da daga bakin wata ya fito, da na bi. Amma ni in bi dokar yarinyar da na goya?

Na ce, "Haɗa duka, Malam. Tun ba a haife ta ba nake niƙa."

Ya dube ni, bai san da wa nake ba. Ya haɗa.

Ranar gwaji muka taru a tsakar gidan shugabarmu, Hajiya Lailatu. Munawwara ta sa safar hannu, sai ka ce likita. Tana dama gari a ɗan kofi, ta tsoma wani tsinke irin na gwajin zazzaɓi. Layi ɗaya, gari ya kuɓuta. Layi biyu, sabon iri ya shiga.

Nata ya nuna layi ɗaya. Aka rangaɗa guɗa, ni na gyara mayafina. Da aka zo kan nawa, layi biyu suka fito raɗau.

Na ce, "Sake."

Ta sake. Biyu dai.

Ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Inna, a ina kika niƙa?"

"Ina ruwanki! Baƙin ciki kike yi mini, kowa ya shaida!"

Na so ta mayar mini da magana, don mata su ga rashin kunyarta. Ina! Idanunta suka kawo ruwa. Ta cire safar hannun, ta jawo buhunta ta ajiye a gabana.

"Hajiya Lailatu, a kai wannan da sunan Inna. Ai a hannunta na koya."

Mata suka hau sa mata albarka. Na dubi fuskarta ina neman alamar dariya, ko guda babu. Da gaske take. Wannan ne ya ƙona ni fiye da layi biyun. Ta fi ni boko, ta fi ni gari, yanzu har a kirki ma sai ta fi ni?

Na ture buhunta da ƙafa, na ɗora nawa a ka, ban bari kowa ya kama mini ba.