Ba Zan Matsa Ba, Baba

Pyo Man-sik yana cikin fasa wani babban kifi sai ga Madam Yeom mai sayar da kimchi, wato kwaɗon kabeji mai yaji, ta faɗo rumfarsa tana haki, safar robar hannunta jajir da barkono.

"Baban Hye-rin, ajiye wuƙar nan ka zo ka ga abin da 'yarka take yi."

Ya juyo mata da kunnen dama. Na hagun ya mutu tun watan Mayun 1980, ranar da sojoji suka fizgo shi daga kan keke a tsakiyar birnin Gwangju, ana tsaka da zanga-zangar ƙin mulkin soja, suka yi ta narka masa kulki. Ba ma zanga-zanga ya fita ba, ƙanƙara maigidansa ya aike shi sayowa.

"Me ta yi?"

"Wani tsoho ne ya sauko daga mota da kwali a wuya, wai a dawo da mulkin soja. A nan fa, a bakin kasuwarmu. Ita kuma ta tsaya tana gadinsa kamar kakanta."

Man-sik ya goge hannu a jikin rigar aikinsa ya bi ta. Bakin ƙofar kasuwa ya cika. Can kusa da tashar bas wani dattijo ne tsaye cikin kwat gogagge da tsohuwar hular soja, riƙe da ƙaramar lasifika. Muryarsa na rawa, amma bai fasa ba. Yana cewa ƙasa ta lalace, yara ba sa gaishe da manya, majalisa gidan surutu ce, ba abin da zai gyara ta sai mutum ɗaya mai ƙarfin hannu da kowa zai ji tsoronsa.

Tsakaninsa da mutane 'yan sanda uku ne. Ta tsakiyar ita ce Saja Pyo Hye-rin, hannuwanta a baya, ruwan ƙwai na gangarowa daga kafaɗarta. Tsohon aka jefa da ƙwan, ita ta tare.

Gil mahauci ya kama hannun Man-sik. Yayan Gil ya fita a wancan watan na Mayu, har yau ba a ga ko takalminsa ba.

"Yaya, yi mata magana," in ji Gil, idonsa ya yi ja. "Ba dukansa za mu yi ba. Kwalin kawai za mu cire mu yaga. Ta matsa gefe ta kalli sama."

Mutane suka buɗe masa hanya. Ya isa gaban 'yarsa, ya ga yadda haɓarta ta ɗaure, irin ta mahaifiyarta idan ta riga ta yanke shawara.

"Hye-rin, matsa."

"Ina wuni, Baba. Ba zan matsa ba."

"Kin ji abin da yake faɗa kuwa?"

"Tun ɗazu nake ji. Amma mutum ɗaya ne da kwalinsa, doka ba ta ce sai ya nemi izini ba. Da ya yi wa waɗanda sojoji suka kashe a wancan Mayun ƙarya, wannan akwai hukuncinsa, da kaina zan sa shi a mota. Bai yi ba. Ra'ayin banza ne kawai yake da shi."

"Irin su suka kashe min kunne."

"Na sani, Baba. Ai ni nake raka ka asibiti." Ta yi ƙasa da murya. "Idan na kalli sama yau saboda ba na son maganarsa, gobe wani mai irin rigata zai kalli sama saboda ba ya son taka."

Ran Man-sik ya ɓaci, don a gaban kasuwa kaf ta ƙi shi. Ya ja da baya ya buɗe murya, irin wadda yake kiran masu saye da ita. Ya ce 'yan sanda ba su da aikin yi sai gadin mahaukata. Ya zagi shugaban ofishinsu, ya zagi magajin gari, ya wuce har fadar shugaban ƙasa bai bar kowa ba. Sannan ya juya kan tsohon ya ce masa ƙwaƙwalwarsa ta fi kifin shekaranjiya wari. Kasuwa ta fashe da dariya, har Madam Yeom tana tafi da safarta.

Tsohon ya sauke lasifikarsa, fuskarsa ta yi fari fat.

"Saja, kina ji? Ya zage ni, ya zagi hukuma a gabanki. Kama shi mana. A zamaninmu da tuni yana bayan mota."

Hye-rin ta waiwaya ta dube shi cikin ladabi.

"Kaka, shi ma da bakinsa ya zo. Ba wanda zai taɓa ka, ba wanda zan taɓa. In ka gama ka faɗa min, in raka ka ka hau mota."

Tsohon ya sake ɗaga lasifikar, amma dariyar ta riga ta rage wa taron zafi. Masu saye suka fara komawa ciki, 'yan kasuwa suka bi su don kada ciniki ya wuce. Ya ɗan ƙara magana ga mutum biyar ko shida da suka rage, sannan ya cire kwalin ya naɗe shi. Da bas ta zo, Hye-rin ta riƙe masa gwiwar hannu ya hau, don ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai.

Man-sik bai tafi ba. Yana tsaye yana kallonta tana goge kafaɗa da takarda, tana ba abokan aikinta biyu umarni, su kuma suna amsawa da sauri. Tunda yake bai taɓa ɗaga wa mai kaki murya ba. Yau ya zagi hukuma tun daga ƙasa har sama, a gaban 'yan sanda uku, kuma ga shi zai koma rumfarsa da ƙafarsa.

Gil ya zo ya tsaya kusa da shi.

"Ta kunyata ka a gaban mutane, Yaya."

"Ta yi," in ji Man-sik.

"Ni dai da an bar ni da kwalin nan." Gil ya share ido da bayan hannu ya koma wajen namansa. Man-sik bai yi ƙoƙarin ba shi baki ba.

Wata baƙuwa mai jan keken cefane, wadda ta tsaya kallo tun farko, ta matso.

"Malam, ka yi sa'a da waccan 'yar sandar. Ko gezau ba ta yi ba. Ka san ta ne?"

Man-sik ya gyara ɗaurin rigar aikinsa, ya ɗan ɗaga kai.

"'Yata ce," ya ce. "Taurin kan a gida ta samo shi."