Goɗiyar Jidda a Hanyar Masakori

Tun da hantsi na san haihuwar nan ta fi ƙarfina. Amne 'yar wana ce, ni na raine ta, kuma ni ke karɓar haihuwa a rugarmu, amma da na shafa cikinta sai na ji ɗan a gicciye yake. Na fito na ce wa mijinta Jidda ya ɗaura amalanke, sai asibitin Masakori.

Ya ruga maƙwabta aron famfo, don taya ɗaya ta sace. Kafin ya dawo, uwarsa Iya Zanuba ta riga ta yi nata taimakon. Ya tarar da goɗiyarsa tana lasar gindin daro.

"Iya, me kika ba ta?"

"Dawar masakwa mana. Da yunwa za ta ja mutum uku har birni? Na ba ta ruwa ma, ta sha ta ƙoshi."

"Daron a cike yake?"

"To da rabi zan ba ta, kamar wata marowaciya?"

Jidda ya dafe kai. "Iya, wannan fa ba saniya ba ce, da za ta cika tumbi ta kwanta ta yi tuƙa. Cikinta ɗan ƙarami ne, kaɗan-kaɗan take tsinkar ciyawa yini guda. Kuma abin da ya shiga ba ya dawowa ta baki, doki ba ya amai."

"Kai tafi can! Ina kiwo tun ba a haife ka ba."

Sai Amne ta ƙwalla ƙara daga cikin bukka. Babu wani doki a rugar ranar, duk an tafi da su cin kasuwa. Muka shimfiɗa tabarma a amalanke, muka kwantar da ita, muka kama hanya.

Da farko goɗiyar ta yi tafiya lafiya. Da rana ta take, muna tsakiyar fako, ƙasa duk ta tsage, ko inuwar da kaza za ta fake babu, sai ta fara rage sauri. Gumi ya jiƙe mata wuya. Ta tsaya, ta waiwaya tana kallon kwiɓinta, tana tonon ƙasa da kofato.

Jidda ya diro ya kafa kunne a cikinta. Ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba.

"Shiru, Gwaggo."

"To shiru ba lafiya ba ke nan?"

"A'a. Cikin doki in yana lafiya ƙugi yake yi. Hatsin ya kumbura, ya toshe."

Bai rufe baki ba ta durƙushe. Amalanken ya karkace, Amne ta zame, da ƙyar na cafko ta a hammata. Jidda ya zaro wuƙa ya yanke igiyoyin. Goɗiyar ta faɗi gefe guda ta shiga birgima, cikinta ya yi tamau kamar ganga, idanunta sun firfito. Ya kama ragama yana ja, yana roƙonta kamar mutum.

"Tashi, 'yar albarka, tashi! Gwaggo, in ta ci gaba da birgimar nan hanjinta zai murɗe. Sai an tashe ta an yi ta zagayawa da ita."

Ni kuwa ina kan Amne, jini yana ta zuba mata. Hannuna kawai na ɗaga masa, jini har gwiwar hannu. Ya dubi hannun, ya dubi goɗiyar. Ya saki ragamar, ya shiga tsakanin sandunan amalanken, ya ɗora igiya a ƙirji. Ni kuma na koma baya ina turawa.

Muna tafe muna jin goɗiyar a bayanmu tana buga kai da ƙasa. Ba mu waiwaya ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Amne ta daina ihu. Leɓunanta suka yi fari, idonta a lumshe.

"Amne! Ke 'yar nan, buɗe ido, kar ki yi mini haka!"

Na mintsine ta. Ta ɗan motsa yatsa.

"Tana numfashi?" in ji Jidda, bai juyo ba.

"Ja kawai, ɗan nan."

Ƙarfin Jidda ya fara ƙarewa. Ya faɗi bisa gwiwa, ya tashi, ya sake faɗi. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa sai zafi yana rawa bisa ƙasa. A raina na fara tunanin yadda zan gaya wa wana.

Can sai ga wani ɗan Kanembu da jakuna, ya ɗauko kanwa zai kai kasuwa. Ko tambaya bai yi ba. Ya sauke kayansa nan bakin hanya, ya ɗaura mana jakunan, ya bi su da sanda.

Da la'asar muka isa. Aka shige da Amne, aka yi mata aiki. Ni da Jidda muka zauna a ƙasa bakin ƙofa, kafaɗunsa duk sun saɓule. Sai wajen magariba wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce uwa tana raye, 'yar ma ta yi kuka.

Washegari Jidda ya koma wurin goɗiyar. Ungulaye sun riga shi. Ya kwance ragamar ya wuce ruga da ita.

An ce da Iya Zanuba ta hango shi da ragama a hannu, ba goɗiya, sai ta juya ta shige bukka, ranar ko shayi ba ta sha ba. Shi kuma bai taɓa tayar mata da zancen ba. Da kaka ta zo, da jakin aro ya yi jigilar amfanin gonarsa.