Zorka a Gasar Kurame

A gidanmu da ke garin Novi Sad duk kurame ne, tun daga kan kakanmu. Da ƙanwata Nevena ta haifi Zorka aka ce ita ma ba ta ji, har shagali muka yi.

Sai Nevena ta yarda a yi wa yarinyar aiki a dasa mata na'urar ji. Kulob ɗinmu na kurame ya ɗau zafi. Shugabanmu, tsoho Milutin, ya tare ta a bakin ƙofa, ya hau ta da faɗa da hannu.

"Ke Nevena, me ya lalace a jikin 'yar nan da za a gyara? Kunyarmu kike ji?"

A asibiti kuma likita cewa ya yi a daina yi mata maganar hannu, in ba haka ba bakinta ba zai buɗe ba. Nevena ta dawo tana kuka. Da ta share hawaye ta ce min, "Yaya, ba wanda zan bi a cikinsu. Za ta ji, kuma za ta yi yaren uwarta."

Haka Zorka ta tashi, a makaranta baki, a gida hannu. Kulob kuwa ba su ƙara takawa ba.

Tana shekara goma sha biyu ta ce sai ta shiga gasar ba da labari da muke yi duk shekara. Na kai ta. Milutin ya nuna abin da ke maƙale a bayan kunnenta.

"Gasar kurame ce, yarinya."

Ta cire shi ta miƙa masa. "Riƙe min, Baba. Kada ka ci, ba wainar burek ba ce."

Ta hau dandamali ta ce za ta tona mana asirin da masu ji suke ɓoye mana: ashe mu ne muka fi kowa ƙara a garin nan. Ta kwaikwayi yadda nake jan takalmi, da yadda uwarta ke buga tukwane har maƙwabta su rufe taga. Sannan ta juya.

"Baba Milutin kuwa, in yana kurɓar miya, daga tsallaken kogin Danube ana jin sa!"

Mutane suka dinga dukan tebur, wata tsohuwa har ta zame daga kujera. Ni kam hannuwanta nake kallo. Tsofaffin alamun kakanmu ne take yi, waɗanda samarinmu ma sun manta.

Da ta gama, zauren ya cika da hannuwa a sama ana kaɗawa, irin tafinmu na kurame. Ita ta zo ta ɗaya. Milutin da kansa ya ba ta kofin, yana share ido.

"Ja'ira. Ki ce wa uwarki ta zo ranar Asabar."

Nevena ta zo, da wasu iyaye masu ji a bayanta, riƙe da 'ya'yansu da aka yi wa dashe. Aka ƙaro kujeru daga ɗakin baya, Milutin ya nannaɗe hannun riga ya fara koya musu maganar hannu.